Ciwon ƙodar da aka kasa gano sababinsa: matsalar ta faro ne daga ma'auni

A watan Mayun 2025, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya amince a birnin Janiba da ƙudurinsa na farko da ya keɓanta ga lafiyar ƙoda. Ƙasar Gwatamala ce ta ja gaba wajen gabatar da shi, kuma tana da dalili. Tana cikin ƙasashen Amurka ta Tsakiya da suka fi shekara 20 suna binne samari majiya ƙarfi, yawancinsu masu saran rake, waɗanda ƙodarsu ta daina aiki alhali ba su da ciwon suga, ba su da hawan jini, cututtuka biyun da suka fi lalata ƙoda a duniya. Masana na kiran wannan ciwo CKDu a taƙaice. Harafin ƙarshe na sunan yana nufin ba a san abin da ke kawo shi ba.

Watanni kaɗan kafin taron, mujallar Kidney International ta fitar da sakamakon wani aiki mai suna DEGREE, wanda ya haɗa bayanan kusan mutum 61,000 daga yankuna 43 a ƙasashe 14. Aikin bai gano sababin ciwon ba, bai ma yi alkawarin ganowa ba. Abin da ya yi shi ne ƙirga masu ciwon da ƙa'ida ɗaya a ko'ina. Mai karatu na iya ganin wannan ƙaramin abu ne, amma rashinsa ya taimaka wajen jan muhawarar tsawon shekaru ba tare da an kama bakin zaren ba. Batun ya kuma shafi mazauna gaɓar kogin Komadugu Yobe kai tsaye, domin an daɗe ana kuka da ciwon ƙoda a Gashuwa da kewayenta, kuma ruwan da ke wuce Gashuwa shi ne ke isa Diffa.

Wurare uku, zargi iri-iri

Rahoton farko da ya ja hankalin duniya ya fito ne a 2002 daga asibitin Rosales da ke babban birnin El Salvador, inda likita Ramón García-Trabanino da abokan aikinsa suka lura cewa da yawa daga cikin sabbin masu zuwa wankin ƙoda maza ne ƴan ƙwadagon gona daga gaɓar teku, kuma babu wata sananniyar cuta da za ta bayyana halin da suke ciki. A maƙwabciyarta Nikaraguwa, kusa da garin Chichigalpa mai babban kamfanin sukari, mutuwar maza ta yi yawa a wata unguwa har aka laƙaba mata Tsibirin Masu Takaba. A can Siri Lanka kuma, tun shekarun 1990 likitoci ke ganin irin wannan ciwo a tsakanin manoman shinkafa na yankunan Anuradhapura da Polonnaruwa. Wuri na uku shi ne Uddanam, a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, ƙasar kwakwa da yazawa.

Kowane wuri da abin da ya fi zargi. A Amurka ta Tsakiya hankali ya fi karkata ga aiki mai nauyi cikin tsananin zafi: mutum ya wuni yana sara, yana zuba gumi, ƙodarsa na samun ƙananan raunuka kullum har su taru su zama tabo. Wani bincike da aka wallafa a 2012 a El Salvador ya ƙarfafa wannan ra'ayi, da ya nuna cewa masu noman rake a gaɓar teku mai zafi sun fi samun matsalar nesa ba kusa ba, in aka kwatanta da masu noman raken a kan tudu mai sanyi. A Siri Lanka kuwa ruwan rijiya aka fi tuhuma, da abin da ke cikinsa na gishiri-gishiri da sinadarin fuloraid, da ƙarfen kadmiyam, da magungunan feshi. An kuma ambaci cututtukan da ɓeraye ke yaɗawa, da yawan shan magungunan kashe ciwon jiki, da gado.

Abin da ya faru da maganin ciyawa na glyphosate ya nuna tsadar gaggawa. A 2014 wasu masana ƴan Siri Lanka suka kawo hasashen cewa maganin na haɗuwa da ma'adanan ruwan rijiya ya zama guba ga ƙoda. A 2015 gwamnatin shugaba Maithripala Sirisena ta haramta shigo da shi. A 2018 aka ɗage haramcin ga gonakin shayi da na roba bayan manoma sun koka da asara. An hana, an sake bari, kuma ba a tsara wani ƙidaya na kafin hanin da bayansa da zai raba gardama kan ko ya yi amfani ba.

Inda ƙidayar ke karkacewa

Yawancin labaran farko daga rajistar asibiti suka fito, kuma rajistar asibiti tana ƙirga wanda ya iso ne kawai. Wanda ke da kuɗin mota da ɗan'uwa a birni zai shiga littafi. Wanda ya kumbura ya rasu a ƙauye ba zai shiga ba. In aka buɗe sabuwar cibiyar wankin ƙoda a wani gari, adadin masu ciwon a takarda zai tashi a shekarar, ko da ciwon bai ƙaru da mutum ɗaya ba.

Sunan ciwon kansa ma tarko ne. Ana sa mutum a wannan rukuni bayan an cire ciwon suga da hawan jini da sauran sanannun sababai. To amma cirewar na buƙatar kayan aiki. A asibitin da babu na'urar hoton ciki, babu mai ɗebo ɗan tsokar ƙoda a duba a madubin likita, kalmar "ba a sani ba" na iya nufin ba a bincika ba. A yankin Sahel jerin abubuwan da ya kamata a cire ma ya fi tsawo: tsargiya mai toshe hanyar fitsari, sikila, ciwon hanta, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Akwai kuma gado. Wani babban bincike da aka yi a Gana da Najeriya, aka wallafa a 2024, ya tabbatar cewa wasu nau'o'in ƙwayar halitta mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma, na ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Kuskuren na iya juyawa ta ɗaya gefen kuma. Ƙodar da ta lalace ita kanta tana tayar da jini, saboda haka majinyacin da ya iso a makare da jini sama, sai a rubuta masa hawan jini a matsayin sababi, alhali wataƙila sakamako ne. A wannan mataki ƙodar ta riga ta ƙanƙance, ɗebo tsokarta ba ya nuna komai sai tabo.

Sai batun gwajin fitsari na tsinke, wanda ƙungiyoyi ke yawan yi a ranakun wayar da kai saboda arha. Tsinken na neman furotin ne a fitsari. Ciwon suga na lalata matatar ƙoda, furotin ya zubo, tsinke ya canza launi. Wannan ciwon kuwa, kamar yadda tsokar da aka duba a El Salvador da Nikaraguwa da Siri Lanka ta nuna, ya fi cin ƙananan bututun ƙoda da naman da ke kewaye da su, furotin kaɗan ne ke fita ko babu. Ana iya gwada ƙauye guda da tsinke a ce lafiya lau, alhali akwai samarin da rabin aikin ƙodarsu ya tafi.

Gwajin da ake dogara da shi na jini ne, ana auna wani sinadari mai suna kiretinin, a saka adadin cikin wani lissafi da ke kimanta ƙarfin tacewar ƙoda. Matashi mai lafiya na samun 90 zuwa sama. Ƙa'idar duniya ta ce sai adadin ya zauna ƙasa da 60 na fiye da wata uku kafin a kira ciwon mai daɗewa. Ke nan gwaji ɗaya bai isa ba. Manomin da aka ɗebi jininsa da la'asar a watan Afrilu, bayan ya wuni a rana, na iya nuna sakamako marar kyau da zai gyaru cikin kwanaki. Binciken da ya tsaya a awo ɗaya zai kumbura adadi.

Babbar matsalar tana cikin lissafin kansa. Kiretinin daga tsoka yake fitowa, cin nama ma na ɗaga shi. Mutum siriri, marar yawan tsoka, wanda ba ya samun nama sai jefi-jefi, jininsa zai nuna kiretinin kaɗan ko da ƙodarsa ta fara gajiya. Lissafin da ake amfani da shi kuwa a kan jikin Amurkawa da Turawa aka gina shi. Har zuwa 2021, wanda ya fi yaɗuwa yana ƙara wa duk wanda aka rubuta baƙar fata kusan kashi 16 cikin 100, bisa zaton baƙi sun fi tsoka. A shekarar ce ƙungiyoyin likitocin ƙoda na Amurka suka cire wannan ƙari. A 2022 wani bincike da aka yi kan mutum sama da 2,500 a Malawi da Yuganda da Afirka ta Kudu ya auna aikin ƙoda kai tsaye, ta hanyar allurar wani sinadari da bin yadda jiki ke fitar da shi, ya kwatanta da abin da lissafin kiretinin ke bayarwa. Lissafin ya riƙa nuna ƙoda ta fi yadda take lafiya, ko an cire ƙarin launin fata. Wani gwajin daban mai suna sistatin C, wanda bai dogara da tsoka ba, ya fi kusantar gaskiya, sai dai ya fi tsada. Ma'anar wannan ita ce ciwon ƙoda a Afirka ya fi abin da takardu ke nunawa. Duk ɗakin gwajin da har yau na'urarsa ke ƙara wa baƙar fata maki, yana sallamar marasa lafiya da albishir na ƙarya.

Abin da sabon tsarin ya kawo

Tsarin DEGREE, wanda Ben Caplin da Neil Pearce na Landan da abokan aikinsu daga ƙasashe da dama suka wallafa a 2017, ya yi ƙoƙarin toshe waɗannan ramuka. Ana zaɓen mutane daga cikin al'umma, ba daga layin asibiti ba. Ana yin tambayoyi iri ɗaya kan sana'a da ruwan sha da magunguna da cin nama, a auna jini da suga da ƙirar jiki, a gwada kiretinin da na'urar da aka daidaita da ma'aunin duniya, a adana sauran samfurin. Sannan a ƙirga ƴan shekara 18 zuwa 60 da ke ƙasa da 60 a lissafi, ba suga, ba hawan jini, ba furotin mai yawa.

Da aka auna haka, hoton ya fito da ban mamaki. A tsakanin mazan karkara na Uddanam da na arewa maso yammacin Nikaraguwa, adadin ya kai kusan kashi 14 cikin 100. A wurare da yawa kuwa bai kai kashi 2 ba, har da waɗanda aka auna a Malawi da Kenya, ciki da yankin da ake noman rake. Ke nan talauci da noma da rake kaɗai ba su isa su kawo ciwon ba. Yana taruwa ne a wasu wurare ƙayyadaddu, kuma wannan taruwar ita ce babbar alamar da mai bincike zai bi. Sai dai Kenya da Malawi ba Sahel ba ne, ba za a ɗauki sakamakonsu a ɗora wa Diffa ko Yagoua ko Sarh ba.

Awo na lokaci ɗaya na faɗin yawan masu ciwo, ba ya faɗin abin da ya riga wani. Don haka aka koma bin mutane masu lafiya tsawon lokaci. A Nikaraguwa, Marvin González-Quiroz da tawagarsa sun bi matasa kusan 350 a ƙauyuka tara, ana gwada su duk wata shida. Cikin shekara biyu, kusan namiji ɗaya cikin goma da ya fara da lafiyayyar ƙoda ya riƙa rasa kimanin maki 18 a shekara, gudun da ba kasafai ake gani ko a masu ciwon suga ba. Irin wannan bibiya ce ke ba da damar kama abin da mutum ya sha ko ya yi kafin ƙodar ta fara sauka. Tana kuma kauce wa wani kuskure da ya ɓata binciken da aka yi a cikin kamfanoni: masu gonakin rake na gwada ma'aikata kafin kakar sara, su ƙi ɗaukar wanda jininsa ya nuna matsala. Mai binciken da ya tsaya a ƙofar kamfani zai ga masu lafiya kawai. Marasa lafiyar suna gida.

Darasin Balkan

Akwai ciwon ƙodar da ya taɓa zama ba a san sababinsa ba, sannan aka sani. Tun tsakiyar shekarun 1950 ake ganinsa a ƙauyukan da ke bakin rassan kogin Danube, a ƙasashen da yau ake kira Sabiya, Kuroshiya, Bosniya, Romaniya da Bulgeriya. An zargi ruwa, an zargi gawayin ƙasa, an zargi rumar hatsi. A 1969 wani masani mai suna Ivić ya ce a duba wani tsiro, Aristolochia clematitis, da ke fitowa cikin gonakin alkama, ƴaƴansa na shiga cikin hatsi a niƙa tare. Ba a kula shi ba. Sai a 1993, da ƙodar wasu mata ta lalace a Beljiyam bayan sun sha maganin rage ƙiba da ke ɗauke da dangin wannan tsiro, likitoci suka ga raunin ya yi kama da na Balkan. A 2007 tawagar Arthur Grollman ta nuna sawun gubar tsiron a cikin ƙwayoyin halittar ƙodar majinyatan Balkan. Shekara 50 amsar na cikin burodin da mutane ke ci, abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar gwaji da kuma mai sauraro.

Wannan labari na da reshe a ƙasar Hausa. Dangin tsiron, Aristolochia albida, shi ne dumar dutse ko madacin ƙasa, wanda masu maganin gargajiya ke amfani da saiwarsa. Faɗin haka ba tuhumarsa ba ne da ciwon wani gari. Amma takardar tambayoyin da aka fassaro daga Landan, mai tambaya ɗaya tak kan "maganin gargajiya", ba za ta taɓa kamo shi ba. Sai an tambaya da sunan da mutane suka sani, a Hausa da Barbarci da Badanci da Fulatanci, an kuma sayo samfurin daga kasuwa an gwada. Haka ma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da ɗan ƙwadago ke saya a tebur ya haɗiya da safe kafin ya shiga gona. Ba ya kiransu da waɗannan sunaye, da launi da laƙabi ya san su.

Kogi ɗaya, ƙasa biyu

Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun daɗe suna lura cewa majinyatan ƙoda da yawa daga arewacin jihar Yobe suke zuwa, musamman ƙasar Bade. A 2023 gwamna Mai Mala Buni ya je Landan neman haɗin gwiwar masana, kuma cibiyar bincike ta BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, ƙarƙashin Mahmoud Bukar Maina, ta ɗauki aikin. Mataki ne mai kyau. A bakin jama'a dai an riga an yanke hukunci cewa ruwa ne, kuma ruwa ba ya tsami banza, amma ƙwarewar Siri Lanka ta nuna cewa samun wani ƙarfe a rijiya bai isa hujja ba. Sai an nuna masu shan wannan rijiya sun fi waɗanda ba sa sha kamuwa, kuma sun sha kafin su kamu.

Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, ya ratsa Gashuwa da Gaidam, a ƙarshen tafiyarsa ya zama iyakar Najeriya da Nijar kafin ya shiga tafkin Cadi kusa da Bosso. A gaɓar Nijar ana noman tattasai da shinkafa da ban ruwa, da taki da feshi, cikin zafin da ke wuce maki 40 a bazara. Ga mai bincike wannan dama ce da ba kasafai ake samu ba: al'umma masu dangantaka, yanayi ɗaya, kogi ɗaya, amma dokokin maganin feshi da hanyoyin ruwan sha da tsarin asibiti daban. In ciwon na gefe ɗaya kawai, wannan amsa ce. In yana gefe biyu, ita ma amsa ce. Binciken da ya tsaya a bakin iyaka ya yar da rabin abin da zai iya koya. Hukumar Tafkin Cadi, CBLT, da ke Njamena tun 1964, ta riga ta haɗa ƙasashen a kan batun ruwa, ita ce ƙofar da ta fi kusa.

Akwai ƙananan abubuwa da ke iya rusa irin wannan aiki. Ɗakunan gwaji da yawa na ƙasashe masu amfani da Faransanci na rubuta kiretinin da miligiram a lita, wasu na Najeriya da miligiram a desilita ko maikuromol a lita. Sakamakon 15 a takardar farko daidai yake da 1.5 a ta biyu, da kusan 133 a ta uku. Wanda ya karanta 15 ɗin da ma'aunin da ba nasa ba zai ɗauka majinyacin na bakin mutuwa. Majinyata kuwa na tsallaka iyaka da takardunsu a aljihu. Jinin da aka ɗeba a ƙauye na buƙatar sanyi har ya isa ɗakin gwaji, ajiyarsa na shekaru na buƙatar wutar da ba ta yankewa. Rikicin Boko Haram ya raba dubban mutane da garuruwansu a gaɓar kogin, kuma bin mutum ɗaya duk wata shida na shekara uku a irin wannan hali ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba dole ne a jira amsar ƙarshe kafin a taɓa komai ba, domin gwada kariya shi ma hanyar bincike ce. A kamfanin sukari na San Antonio da ke Chichigalpa, an tilasta hutu a inuwa a kai a kai, an kai ruwa har cikin gona, aka auna jinin masu sara a farkon kaka da ƙarshenta. Raunin ƙoda a tsakanin masu aiki mafi nauyi ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 daga kaka ɗaya zuwa ta gaba. Ana iya maimaita wannan awo na kafin kaka da bayanta a gonakin rake na Mbandjock a Kamaru, da Banda kusa da Sarh a Cadi, da Kenana a Sudan, da kuma fadamun noman rani.

Kowane irin bincike aka zaɓa, zai tono mutanen da ba su san suna ɗauke da ciwon ba. Manomin da aka gano ƙodarsa na aiki da maki 25 na buƙatar a mayar masa da sakamakonsa a harshen da yake ji, a faɗa masa ƙwayoyin da zai daina sha, a haɗa shi da likitan da zai riƙa duba shi, a kuma san wanda zai biya kuɗin motar. Wannan kaso na kasafin kuɗin bincike shi ne aka fi saurin yankewa idan kuɗi suka gaza, kuma ƙauyen da aka ɗebi jininsa sau ɗaya bai ji komai ba, da wuya ya miƙa hannu a zagaye na biyu, wanda shi ne zagayen da ke tabbatar da ciwon.